Kiran da Bai Ambaci Suna Ba

A gidan da na tashi, bayan gaisuwa, abu na farko da ake koya wa yarinya shi ne kada ta amsa kiran da ba ta ga bakin mai yin sa ba. Ko da muryar uwarki ce, in dai ta bayan danga ta fito, ko rana ta take tsaka, ki ja bakinki ki yi gum. In mutum ne, zai ƙaraso ki gan shi. In ba mutum ba ne, kina cewa na'am kin miƙa masa hannu, shi kuwa ba ya saki. Da wannan aka raine ni, da shi na raini nawa, kuma har kaina ya yi fari fat sau ɗaya tak na tsallake shi, ina sane, idona biyu. Shi zan faɗa, jikata tana rubutawa, don ni alƙalami bai san hannuna ba. Ban yi boko ba, allon ma iyakacina abin sallah. Amma a je ƙauyenmu da ke gefen Aujara a tambaya, ba a taɓa ƙure ni a zance ba, kuma abin da kunnena ya ji ba ya zubewa.

Jikar nan tawa, uwarta ce 'yata ta fari. Tun daga ranar suna har ranar da aka kai ta makwancinta, sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa. Kunya ce, kuma ado ce ga mace. Yaran yanzu suna cewa rashin so ne, su suka sani. In ina nemanta sai in ce "ke", ta juyo. Ita ma da ta haifi tata 'yar farin sai ta bi sawuna, "ke" ɗin da ta gada ta ɗora wa yarinyar. In ita ce ke nemana, kunyar ba ta barin ta ce Inna, sai dai ta tsaya a bakin ƙofa ta fara magana. Haka muka zauna, mata uku, ba mai kiran sunan wata. Daga baya ciwo ya kwantar da 'yar tawa a asibiti a Dutse, Allah ya karɓi abarsa. An yi damina an sake yi kafin abin da zan ba da labari.

Yarinyar ta yi karatun kwamfuta mai zurfi, tana aiki a wani ɗan kamfani a Dutse. Su ne masu rubuta abin da ke sa waya ta yi kamar mai hankali, manhaja suke ce masa. Da cikinta na fari ya tsufa, mijinta ya kawo ta goyon ciki. Wajen uwarta ya kamata a kai ta, tun da babu uwar sai wajena. Ta iso da bazara, da akwatinta, da kwamfuta mai naɗewa, da farantin sola da aka kafa mana a kan rufi. Ta zo kuma da wayar marigayiya, wadda ta ƙi yarda a ba kowa ranar rabon kaya.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga aikin ido ba. An cire mini yana, aka ba ni maganin ɗigawa, safe da rana da dare, aka ce kada in yi fashi. Na safe da na dare sallah ke tuna mini. Na ranar ne ke wuce ni, don kafin azahar yake faɗowa, daidai lokacin da gyangyaɗi ke ɗaukata a gindin darbejiya.

Jikar tawa ta ce, "Kaka, so kike ki makance ki riƙa cewa ni ke tsince miki naman miya?"

Na ce, "Ko na makance na fi ki ganin hanya, ja'ira. Ke da ba ki san gero da maiwa ba."

"To zan ɗaukar miki mai gadi."

Ta yi 'yan kwanaki tana danne-danne, ƙafafunta a kumbure a kan kujera 'yar tsugunno. Rannan sai ta sa wayar uwarta a cikin 'yar jaka ta rataye a reshen darbejiya, saitin kaina. Rana na yin tsaka wayar ta yi ɗan ƙara, ƙit, sai ga muryar yarinyar: "Kaka, a daina munshari, a tashi a ɗiga magani." Na rantse mata ban taɓa munshari ba tun da aka haife ni. Amma abin ya yi aiki, ban sake fashi ba.

Ranar da abin ya fara, ta tafi awo tun da hantsi. Zafi ake irin wanda kaji ke buɗe baki, awaki sun lafe a jikin rumbu, ko kurciya ba ta kuka. Duk wanda ya tashi a karkara ya san shirun nan na tsakar rana. Mutum a fili yake, ba bango ba ƙofa, inuwarsa ma ta shige ƙarƙashin ƙafarsa ta bar shi shi kaɗai. Ina kishingiɗe a tabarma na ji ƙit ɗin nan, na fara laluben kwalbar magani.

Sai aka yi tari. Ƙaramin tari busasshe, mai maƙalewa a ƙirji. Na san tarin nan, ni na yi jinyarsa.

"Ke, kina ina ne? Taho mana. Tun ɗazu nake jiran ki."

Muryar 'yata ce. Ba kama ba, ita ce, har da yadda take jan "mana" ɗin in ta gaji. Tsikar jikina ta tashi, gumin da ke bayana ya koma sanyi. Na'am ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi kamar ƙaya. Na yi a'uziyya, na ɗauki sandata na zunguro jakar, ta faɗo ƙasa ta yi shiru. Na kifa mata ƙwarya, na ɗora ɗan dutsen niƙa a kai.

Da yarinyar ta dawo ta ce, "Kaka, wane laifi wayar ta yi aka kai ta kurkuku?"

Na ce kaji ke tsattsagarta. Ba a gaya wa mai tsohon ciki irin wannan.

Washegari muryar ja'irar ce ta fito da zancen munsharinta, haka jibi, haka gata. Na ce a raina, to ni aka zo wa, kuma ba abin mamaki ba ne. Na ci zamanina, na aurar, na binne, likkafanina ma yana ƙasan adaka tun tuni. Ban ji tsoro sosai ba. Abin da ya dame ni kawai kada a ɗauke ni kafin yarinyar ta sauka, don babu mai yi mata wankan jego yadda ya kamata.

Sai ranar da kiran ya sake dawowa. Wannan karon tana zaune kusa da ni, faifai a cinya, tana tsintar wake. Ƙit, sai tarin, sai "Ke, kina ina ne?"

Na ga fuskarta ta canza, ta koma ta 'yar yarinyar da ake aika sayen daddawa. Ta ɗaga kai sama wajen reshen, leɓɓanta suka rabu. Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na kai mata hannu na toshe bakin, faifan ya kife, wake ya watse, kaji suka yo kanmu. Ta miƙa hannu ta kashe wayar.

A nan ne tsoro na gaske ya shige ni. Kiran nan ba suna a cikinsa. "Ke" ni ce, "ke" ita ce. Duk wadda ta amsa, ita aka kira. Mai tsohon ciki kuwa ƙafarta ɗaya a duniya take, ɗaya a lahira, ba ta bukatar a ja ta da ƙarfi.

Ta yi kuka ya ishe ta, ta share fuska da gefen zane, ta ce in miƙo mata kwamfuta. Ta jima tana dubawa, tana cizon leɓe, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kaka, laifina ne. Na sa wata 'yar ƙofa a cikin manhajar, ta kaina. Saƙonnin muryar da Umma ta riƙa aiko mini, na tara su a ciki. In tsoron haihuwa ya kama ni da safe sai in shiga ɗaki in saurara."

"Ranar awo kin saurara?"

"Na saurara. Yau ma. Ashe kin taɓa jin sa ke nan, kika ce kaji ne."

"Ci gaba da bayaninki, ba ke ke tuhumata ba."

Ta ce, "Abin nan da yare biyu aka gina shi. Akwai wanda nake rubutu da shi, sabo, ɗan gata. Shi yana da mai shara a cikinsa. Mai sharar nan in wuri ya cika sai ya fito ya zagaya, duk abin da ya ga babu mai riƙe da shi ya share, a ba wani wurin."

"Ko da abin mutane ne?"

"In dai ba a riƙe ba. Sai kuma tsohon yare, na can ƙasa, shi ke iya taɓa agogo da lasifikar wayar. Shi ba shi da mai shara, kuma bai san sunan kowa ba. Lambar ɗaki kawai yake riƙewa. To na yi ɗan aike da sabon yare, mai cewa ki ɗiga magani, na ba tsohon lambar ɗakinsa, na ce rana na yin tsaka ka ƙwanƙwasa nan, wanda ke ciki ya san aikinsa."

"Sai me ya faru?"

"Sai na saki hannun ɗan aiken. Na manta cewa riƙon da tsoho ya yi wa lamba, mai shara ba ya ganin sa. A wajensa ɗan aiken nan ba shi da kowa. Muryoyin Umma suna da nauyi, ina buɗe su wuri ke cika, mai shara ya fito, ya share ɗan aiken. Ɗaki ya zama kango."

"Tsohon kuma ba wanda ya gaya masa."

"Ba mai gaya masa. Yawanci in ya ƙwanƙwasa kango, manhajar faɗuwa take ta mutu. Amma nan, mai kunna muryar Umma yana neman ɗaki, ga kango a share, sai aka sa shi ciki. Rana ta yi, tsoho ya ƙwanƙwasa lambar da ya sani, wanda ya tarar ya fito. Da dare wayar na mutuwa, da safe a kunna, komai ya koma sabo. Shi ya sa ba kullum ba ne."

Na gane sarai. Ba a yi zancen da zai fi ƙarfin kaina ba tukuna. Mu ma a nan in mutum ya rasu ba a saurin sa wani a ɗakinsa, saboda masu zuwa daga nesa da ba su ji labari ba, su tsaya a ƙofa su yi sallama.

Na ce, "Na ji yadda ƙofa ta buɗe. Saƙonnin nata guda nawa ne?"

"Suna da yawa."

"Me ya sa wannan ne ke fitowa?"

Ta ce, "Shi ne na ƙarshe da ta aiko. Shi ke sama a jeri."

"Shi kike ji da safe?"

"A'a. Shi ban taɓa iya sake buɗe shi ba. Ina hanya ta aiko shi. Kafin in isa asibitin an rufe mata fuska."

Na dubi wayar a kan tabarma, baƙa wuluk, kaji na tsince wake a gefenta. Na ce ta gyara abin yanzu-yanzu, in ba haka ba in jefa ta a tsohuwar rijiya.

Ta rungume wayar a ƙirji. "Muryarta ke nan da ta rage mini, Kaka. Gyaran layi ɗaya ne. Amma sai na sa ya sake yi da gangan, ina kallo."

"Ki kira ta da gangan? Kanki ɗaya kuwa?"

"Duk abin da na gaya miki zato ne. In ban gan shi da idona yana faruwa ba, zan iya gyara abin da ba shi ne ba, ya lafa, ya dawo ranar da ba wanda ya shirya. Ƙa'idar aikin ke nan. Gobe in saurari muryar da safe kamar yadda na saba, in haɗa wayar da kwamfuta, mu jira rana."

Na so in ƙi, amma maganarta a kan hanya take. Ungozoma ma ba ta ba da jiƙo sai ta taɓa cikin. Sai dai ni abin da nake juyawa daban ne. Ko ta rufe bakin wayar, mai kiran ba ta samu amsa ba. Ta ce tun ɗazu take jira, kuma za ta ci gaba da jira, ga ranar naƙuda tana matsowa. Kiran da ba suna, kamar tsohon yaren nan yake, wanda ya tarar a ɗaki shi ne nasa. To sai a san wa zai tarar.

Da safe na gindaya sharuɗɗana. Wayar a hannuna za ta zauna. Ita kuma ta toshe kunne da auduga, ta ɗaure da ɗankwali, sannan ta guntsi ruwa ta riƙe a baki har a gama.

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Kaka, injiniya ce fa ni."

"Injiniya mai ƙafa kamar turmi. Guntsi, ko in ɗauko muciya."

Ta guntsa. Muka zauna a gindin darbejiya, igiya ta taso daga kwamfutar da ke cinyarta zuwa wayar da ke tafin hannuna. Inuwa ta yi ta tsukewa har ta dawo iya tabarmar. Awaki suka lafe. Can nesa ana ta daka, sai dakan ma ya tsaya. Kumatunta a cike kamar na kwaɗo, idonta a kan rubutun da ke gudu a fuskar kwamfutar.

Ƙit. Wayar ta yi ɗumi a hannuna. Tarin ya fito.

"Ke, kina ina ne?"

Auduga ba ta tare muryar uwa. Na ga hawaye ya gangaro mata. Yatsanta yana kan wani layi, ta ga abin da take nema, amma kanta yana juyowa wajen hannuna a hankali.

"Taho mana."

Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta haɗiye ruwan.

"Tun ɗazu nake jiran ki."

Na riga ta. Na ɗaga murya yadda har maƙwabta sai da suka ji, na ce, "Na'am! Ni ce. Na ji ki. Ki ƙyale yarinya, aiki ne a gabanta. Ni zan taho, amma sai na gama abin da kika bari."

Shiru. Na farko na zunguro wayar ta katse, na biyu yarinyar ta kashe, ba mu taɓa bari ya kai ƙarshe ba. Wannan karon ba wanda ya motsa. Ina jin wani abu kamar fanka tana juyawa a can cikin wayar, da ƙarar kwano a nesa. Sai aka ja numfashi, dogo, irin na wanda ya samu abin da yake so.

"To. Allah ya kawo ki lafiya."

Wayar ta yi ɗif.

Yarinyar ta zare audugar, ta ce, "A cikin saƙon yake, Kaka. Dama can yana ciki. Umma ta yi shiru ne, sannan ta ƙarasa."

Na ce, "Na sani."

"Wallahi tun ranar yake ciki."

"Na ce na sani. Kin ga abin da kike nema?"

Ta ce ta gani, lamba ɗaya ce, mai ɗakin ne ya canza, yadda ta zata. Ta rubuta layinta guda ta juyo mini da kwamfutar, wai ga shi nan, yanzu an riƙe hannun ɗan aiken muddin manhajar na raye, mai shara zai gan shi da mai shi ya wuce. Na ga 'yan ƙwayoyin rubutu kamar sawun tururuwa. Na ce madalla, ta tashi ta ɗiga mini maganin, lokaci na wucewa.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba naƙuda ta zo. Ta sha wuya, amma ta sauka lafiya, mace. Ni na dafa ruwan wanka da ganyen darbejiyar nan, ni na dama kunun kanwa, ni na gasa mata jiki har ta yi arba'in, ba wanda ya taya ni, ba na kuma so a taya ni. Ranar suna na kira ta gefe na ce wannan 'yar farin ta riƙa kiran ta da sunanta, da ƙarfi, a gaban kowa. Ta buɗe baki tana kallona, don ta san ni. Ba cewa na yi kunya laifi ce ba, har gobe ado ce. Na dai ga abin da kira ke yi in ba suna a cikinsa.

Maganin ido ya ƙare tuntuni, ina zura zare a allura da kaina. Da za su koma Dutse ta ce za ta cire mai gadin, ta kwashi muryoyin uwarta ta mayar cikin kwamfuta, ta bar mini wayar don kira. Na ce ta kwashi nata, ta bar mini nawa yadda yake. Tana nan a reshenta. Na ce zan taho in na gama abin da aka bari, kuma abin da aka bari yana da yawa: ga yaye, ga kitson fari, ga tatsuniyoyin da ba wanda ya iya su sai ni. Ban yi ƙarya ba, ban kuma sa rana ba.

Kullum in inuwa ta dawo iya tabarma, awaki suka lafe, sai in ajiye abin da ke hannuna in gyara zama. Ƙit. Tsakanin ƙit ɗin nan da fitowar murya akwai ɗan shiru, bai kai a haɗiye yawu ba. A cikinsa nake kasa kunne in ji ko za a yi tari.